Hutu a Bakin Teku: Darasi Daga Gaɓar Ikko da Badagiri

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Na daɗe ina jin wannan karin magana a aji, amma ban san nauyinta ba sai a wani hutun ƙarshen zango, lokacin da mu 'yan ajinmu muka haɗa kuɗin mota muka nufi bakin teku don mu huta. Da yawa daga cikinmu mun shekara biyu ko uku muna karatu a nan Kudu, amma ba mu taɓa taka yashin teku ba. Mun tafi da niyyar ɗaukar hoto da cin kifi, muka dawo da littafin rubutu cike da tambayoyi, kuma saura ƙiris mu dawo babu mutum ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abubuwa uku da ya kamata duk mai niyyar hutu a gaɓar Jihar Legas ya sani: yanayin gaɓar da halin ruwanta, tarihi da al'adun mutanen wurin, sannan abinci da inda ake samunsa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, Bahaushe baƙo ne ga ruwan teku, saboda haka dole ya koyi ƙa'idarsa kafin ya tsoma ƙafa. A wajen tarihin gaɓar kuwa ɗan gida ne, domin sawun kakanninsa yana nan, mai daɗi da marar daɗi.

2.0 Yadda Gaɓar Take

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, daga iyakar Jamhuriyar Benin a yamma zuwa iyakar Kamaru a gabas. Daga ciki, Jihar Legas tana da kusan kilomita 180. Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne ruwa iri biyu ne a wurin. Akwai ainihin tekun Atilantika mai gishiri da raƙuman ruwa. Akwai kuma tafkuna da ƙoramu da suke kwance a bayan gaɓar, waɗanda ruwansu zartsi ne, wato gaurayen ruwan kogi da na teku. Tsakanin biyun akwai siririn tudun yashi mai itatuwan kwakwa. Ruwan da mutum yake gani daga kan doguwar gadar nan ta uku a Legas tafki ne. Haka kuma ruwan da ke gaban garin Badagiri ƙorama ce da ta haɗa Legas da Porto-Novo, sai an ƙetare ta a kwalekwale sannan a kai ga teku.

2.1 Wuraren Shaƙatawa

Iyayenmu da suka yi zaman Ikko, kamar yadda tsofaffi suke kiran Legas, idan suna labarin teku to Bar Beach suke nufi, a tsibirin Victoria. A can jama'a suke taruwa ranar Sallah da Kirsimeti, kuma a can gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar Ishola Oyenusi a shekarar 1971. Yau babu wannan wuri. Dalilin ɓacewarsa darasi ne. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Katangun suka tare yashin a yamma, gabas kuma ta daina samu, sai teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titi. Daga wajen 2008 aka fara cike wurin da yashin da ake yasowa daga cikin teku, aka gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. A shekarar 2024 ma an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark saboda aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba. Ke nan kafin mutum ya kama hanya, ya tambayi wanda ya je kwanan nan, kada ya dogara da labarin shekara goma.

Daga cikin wuraren da ake zuwa akwai Elegushi da Eleko a yankin Lekki, mafi yawansu sai an biya kuɗin shiga. Akwai Tarkwa Bay, wanda sai da jirgin ruwa ake isa, kuma ruwansa ya fi natsuwa saboda katangun duwatsun nan sun kare shi. A yamma kuma akwai gaɓar Badagiri, kamar Suntan da tsibirin Gberefu, kusa da iyakar Seme. Mu Badagiri muka zaɓa, saboda a nan ne mutum zai haɗa hutu da karatu a rana ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina, musamman daga Yuni zuwa Satumba, teku takan yi fushi. A watan Agustan 2012 ambaliyar teku ta afka wa gaɓar Kuramo, ta tafi da rayukan mutane.

3.0 Halin Ruwan Teku

A cikinmu akwai wani abokina da ya tashi a bakin kogi, ya iya iyo tun yana yaro, kuma duk hanya yana cika mana baki. Da muka isa gaɓa, ya duba ya ga wani wuri da raƙuman ruwa ba sa fashewa, ruwan ya yi lumui, ya ce nan ne wurin wanka. Bai yi nisa ba muka ga yana ƙara ƙanƙanta. Yana ta dukan ruwa ya dawo, ruwa yana tafiya da shi. Allah ya sa akwai masunta kusa suna gyaran koma. Biyu daga cikinsu suka ruga, suna yi masa ihu da hannu ya bi gefe, har suka kamo shi. Da numfashinsa ya dawo, wani dattijo a cikinsu ya yi mana faɗa da Yarabanci, wata 'yar ajinmu tana fassarawa. Na ce mata ta tambaye shi, "Baba, ba wurin da ya fi kwanciya ne ya fi aminci ba?" Ya ce, "Yarana, nan ne ƙofar da ruwa yake komawa gida. Wanda ya tsaya a ƙofa, da shi za a fita."

Bayanin abin shi ne kamar haka. Raƙuman ruwa suna ta jibgo ruwa a bakin gaɓa, kuma dole ruwan nan ya koma. Sai ya nemi inda tudun yashin ƙarƙashin ruwa ya tsage, ya kwarara ta nan da ƙarfi kamar ƙorama a cikin teku. Gudunsa yakan kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko gwanin iyo ba zai iya fuskantarsa ba. Alamarsa ita ce wurin ya fi duhu, raƙuma ba sa fashewa a kansa, kuma za a ga kumfa ko tarkace suna tafiya ciki maimakon fitowa. Tunda ban sami sunan da Hausa ta ba shi ba a bakin waɗanda na tambaya, ni na kira shi kwararon ruwa. Kwararon siriri ne. Saboda haka wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, wato ya bi tsawon gaɓar, har ya fita daga cikinsa, sannan ya juyo. Idan ya gaji ya kwanta rigingine a kan ruwa ya ɗaga hannu. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa don ceto idan bai ƙware ba, ya kira masunta ko masu tsaron wurin, ya jefa abin da ke iya yawo a kan ruwa.

Bambanci na biyu tsakanin teku da kogi shi ne cikowa da janyewa. Saboda jan da wata yake yi wa ruwan duniya, teku takan ciko sau biyu ta janye sau biyu a cikin kimanin awa 25. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. Na uku, gaɓar Legas tana da gangare, taku kaɗan ne tsakanin ruwa iya gwiwa da ruwa iya wuya, kuma idan raƙumi ya koma yakan zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Doguwar riga da zane da hijabi idan sun jiƙe suna nauyi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya idon sawu, babu abin kunya a ciki. Haka nan wajen shiga kwalekwale, a karɓi rigar kariya daga nutsewa a ɗaura ta sosai, kuma kada a yarda da tafiyar dare. Rigakafi ya fi magani.

4.0 Sawun Hausawa a Tarihin Gaɓar

Mutanen Badagiri na asali su ne Ogu, waɗanda maƙwabta suke kira Egun, dangin mutanen kudancin Jamhuriyar Benin. Suna kiran garinsu Gbagle, Yarabawa kuma suna cewa Agbadarigi. Sarautar garin ita ce Akran. A ƙarni na 18 da farkon na 19 garin yana cikin manyan tashoshin da ake lodin bayi zuwa nahiyar Amurka.

4.1 Gidajen Tarihi da Hanyar Gberefu

Mun fara da gidan tarihi na gwamnati, wanda yake cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, shekarar da Ingila ta karɓi garin. Daga nan muka shiga gidan tarihin zuriyar Mobee, inda aka miƙo mana sarƙar wuya da mari mu ɗaga. Na ɗaga da hannu biyu, na ajiye da sauri. Sai kuma gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40 na tsare bayi, kowane ƙarami ne da 'yar taga guda a sama. Labarin da ake bayarwa a gidan shi ne shi kansa bawa ne tun yana yaro, aka kai shi Barazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. An nuna mana laima da tangaran da kwalabe da aka ce da mutane aka musanya su. Ɗalibin Hausa zai lura da cewa kalmar Seriki ba wata ba ce illa sarki, ta shiga bakin Yarabawa ta zauna.

Bayan nan muka ƙetare ƙorama zuwa Gberefu, muka taka hanyar yashi ta kusan rabin awa. A tsakiya akwai wata rijiya da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. A ƙarshen hanyar, inda teku ta bayyana, shi ne wurin da ake kira Point of No Return da Turanci, wato in ka wuce nan babu dawowa. A nan surutun 'yan ajinmu ya mutu.

Cikin waɗanda aka lodo daga wannan gaɓa, ta Badagiri da Ikko da Porto-Novo da Wida, akwai Hausawa masu yawa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, fatake suka yi ta gangarowa da su ta ƙasar Nufe da Oyo. Duk da Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, jiragen Fotugal da Barazil sun ci gaba har zuwa wajen 1850. A jihar Bahiya ta Barazil, an bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa a 1807. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa, kuma an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wannan yana nuna cewa ruwan rijiyar bai sa sun manta ba.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yana da sauƙi mutum ya tsaya a bakin teku ya la'anci Bature. Amma Bature bai je Gobir ko Zazzau ya kamo kowa ba a wancan zamani. A cikin kakanninmu akwai wanda aka sayar, akwai wanda ya sayar. Ɗalibin da ya ɗauki rabin labarin ya bar rabi, bai yi karatu ba.

4.2 Hanyar Badagiri Zuwa Sakkwato

Ta wannan gari ne Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 a tafiyarsa ta biyu. Ya bi ta Oyo da Busa da Zariya da Kano don ya sadu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827. Yaronsa Richard Lander ya dawo Badagiri da takardunsa, inda aka zarge shi da leƙen asiri aka sa shi shan gwaji na guba, ya sha ya tsira. A 1830 Lander da ƙanensa suka sake tashi daga Badagiri, suka bi kogin Kwara har inda ya faɗa teku. A tafiye-tafiyen nan akwai wani tafinta Bagobiri, wanda Turawa suke kira Pascoe, sunansa na yanka Abubakar. An sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya 'yanta shi, ya yi aikin jirgi, sannan ya dawo yana yi musu jagora. Ke nan Bahaushe ya san teku shekara ɗari biyu da suka wuce.

4.3 Benen 'Yan Mishan da Karatun Hausa

A shekarar 1842 Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a ƙarƙashin wata itaciya da ake kira Agia, wadda ta faɗi a 1959, yanzu an kafa alama a gurbinta. A 1845 kuma 'yan mishan suka gina benen da ake yi wa laƙabi da bene na farko a Nijeriya. Da mai jagora ya faɗi haka, wani Bakatsine a cikinmu ya tuna masa da hasumiyar Gobarau, wadda bisa tarihin Katsinawa ta girmi benen da ƙarnoni, da kuma sorayen ƙasa na Kano. Aka yi dariya aka daidaita a kan cewa shi ne na farko a irin ginin Turawa. Darasin shi ne a saurari mai jagora da ladabi, a kuma auna maganarsa.

Benen yana da alaƙa da sashenmu. Samuel Ajayi Crowther ya zauna a Badagiri daga 1845 kafin ya wuce Abekuta. Shi ne abokin tafiyar J. F. Schön a ayarin kogin Kwara na 1841. Schön ya fara koyon Hausa ne a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Ashe nazarin Hausa da boko, wanda muke neman digiri a kansa, daga bakin teku ya faro, a bakin mutanen da aka raba da gida.

Har ila yau, a Ikko ne Laftana John Glover ya tara wasu Hausawa da suka gudo daga bauta a 1863 ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya suke lissafawa a matsayin tushensu. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai fataken goro da na shanu suka ƙaru, unguwanni irin su Agege da Idi-Araba suka cika da Hausawa.

5.0 Al'adun Mutanen Gaɓa

Sana'ar Ogu ita ce su da noman kwakwa da saƙar tabarma. Da sassafe za ka ga maza sun yi layi suna jan koma daga teku da igiya, suna waƙa don ƙafa ta zo ɗaya, mata kuma suna jira da kwanduna don saye da yin banda. Suna da dodon da ake kira Zangbeto, wanda aka lulluɓe da zaren kaba tun daga sama har ƙasa kamar ɗan bukka, yana juyawa. Aikinsa na gargajiya shi ne gadin gari da dare, kamar 'yan sintiri a wajenmu, kuma mutanen gari ba sa wasa da shi. Suna kuma da gangunan Sato, waɗanda suka fi mutum tsayi, makaɗa suna tsalle suna dukansu a manyan bukukuwa.

A garin akwai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, wani lokaci a gida ɗaya. Baƙo zai ga farar tuta ko ƙaramin ɗakin tsafi a bakin ruwa, ko masu fararen riguna suna addu'a a kan yashi. Ba a ce ka yarda da abin da suke yi ba, amma ladabin baƙunta ya hana nuni da yatsa da dariya. Kada a ɗauki hoton mutum ko dodo ko wurin ibada sai an nemi izini. A fara da gaisuwa. Mun ga yadda gaisuwa guda da Yarabanci ta sauko mana da kuɗin kwalekwale.

6.0 Abinci da Inda Ake Samunsa

Wuraren cin abinci iri uku ne. Akwai rumfunan bakin teku, inda ake gasa kifi da agada a gabanka, amma kuɗinsu ya fi yawa saboda baƙi. Akwai bukkokin cikin gari, waɗanda Yarabawa ma buka suke ce musu, a gefen titin Marina na Badagiri da kewayen kasuwar Agbalata, inda 'yan gari suke ci. Sannan akwai otal-otal. Mu na biyun muka fi jin daɗi, don inda ka ga 'yan gari sun yi layi, tukunyar ba ta kwana.

Bahaushe yakan ji tsoron abincin Kurmi saboda sunayensa, alhali da yawa danginsa ne. Miyar ewedu lalo ce. Gbegiri miyar wake ce. Iru daddawa ce ta ɗorawa. Egusi agushi ne, eko agidi ne, eba kuma teba. Abin da ya bambanta shi ne yawan manja da barkono. A gwada ewa agoyin, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa soyayyen barkono da albasa har ya yi duhu, wanda asalinsa daga mutanen Benin da Togo ne, a ci da burodin Agege. A gwada farfesun tarwaɗa, wadda ake nuna maka ita da rai ka zaɓa. Akwai karfasa daga tafki, da kaguwa da jatan lande. Sai dai a sani ba duk kifin da ake sayarwa a bakin teku ne ya fito daga tekun da ke gabanka ba, da yawa kifin ƙanƙara ne da ake shigowa da shi daga waje. Mai son sabo ya je wurin masunta da safe, ya duba idon kifin ya ga yana sheƙi.

Kwakwa kuwa Badagiri gidanta ne. A sha ruwan ɗanya, a sayi man kwakwa da alewarta a yi tsaraba. Tsofaffin Hausawa suna kiranta kwakwar Attagara don bambanta ta da kwakwar manja, kuma Attagara sunan da suke kiran Idah ne, wanda yake nuna hanyar da ta bi ta iso Arewa. A tsibirin Legas kuma akwai frejon, wake da madarar kwakwa, wanda zuriyar bayin da suka dawo daga Barazil suke dafawa ranar Juma'ar Ista. Tarihin da muka gani a Gberefu ga shi a cikin kwano.

Game da halacci, a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi dabbobin ruwa halal ne, har da kaguwa da jatan lande. Inda ake kula shi ne nama. Wasu wuraren suna sayar da naman alade da bammi, saboda haka a tambaya kafin a zauna, matambayi ba ya ɓata. A tambayi kuɗi kafin a ci. A ci abinci da zafinsa, a sha ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa, domin ko a 2024 an yi annobar amai da gudawa a Legas.

A hanyar dawowa muka tsaya Obalende, unguwar da tarihinta yake haɗe da sojojin Hausawa na zamanin Turawa, kuma ta yi suna wajen tsire, wanda a nan ake kira suya. Na ce wa wani dattijo mai tukuba, "Baba, yaushe ka zo Ikko?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, ai a nan aka yanke cibiyata. Kakana ne ya zo a jirgin ƙasa." Ya ƙara mana gyara.

7.0 Aikin Ɗalibi

Ina ba da shawara duk wanda zai je ya riƙe littafi ya yi ayyuka uku. Na farko, ya tattara kalmomin teku da Hausawan Legas suke amfani da su, ya ware na asali irin su zartsi da koma da kaguwa, da na aro, da abubuwan da har yanzu ba su da suna. Na biyu, ya rubuta kalmomin Hausa da ya ji a bakin Yarabawa da Ogu, kamar seriki da tuwo da suya. Na uku, ya nemi dattijo guda a zango ya ji tarihin zuwan gidansu, da izininsa, kafin irin waɗannan dattawa su ƙare. Kowane ɗaya daga cikin ukun zai iya zama kundin kammala digiri.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi bayanin yadda gaɓar Legas take da yadda take sauyawa, da haɗarin kwararon ruwa da hanyar tsira daga gare shi, da alaƙar Hausawa da Badagiri ta fuskar bauta da fatauci da aikin soja da nazarin harshe, sannan al'adun Ogu da abincin gaɓa. Abokina da masunta suka ceto yana nan lafiya, kuma shi ne yanzu yake fara yi wa sababbin ɗalibai gargaɗi. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta mayar da wannan ziyara ta shekara-shekara, a cikin rani, tare da malami da mai jagora ɗan gari. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.